Daga Shagon Ubangida Zuwa Aji: Tarihin Dokokin Koyon Sana'a a Ƙasashenmu

Galibinmu a wannan ƙungiya ba a aji muka koyi kasuwanci ba. A hannun ubangida muka koya: ɗaukar kaya, ƙirga canji, gane wanda za a ba bashi da wanda za a sallama da fara'a kawai. Haka kakanninmu suka koya a ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, yaro ya yi shekaru yana bin madugu kafin a ba shi jari. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ta hanyar goron nan ya taso. Tun da bikin cika shekara lokacin waiwaye ne, bari mu duba yadda gwamnatocinmu suka yi ta ƙoƙarin shigar da koyon sana'a makaranta da ƙarfin doka.

Abin ya daɗe. Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'ar hannu. Amma ba a jima ba mutane suka gane cewa mai alƙalami ne ke samun aikin akawu da albashi, sai sana'a ta zama rabon wanda boko ya ƙi.

Bayan yaƙin basasa Nijeriya ta sake ɗaura ɗamara. A 1971 aka kafa asusun ITF mai hedikwata a Jos, wanda kamfanoni ke zuba wa kuɗi don horar da ma'aikata. A 1977 aka kafa hukumar NBTE a Kaduna don kula da makarantun fasaha, kuma a shekarar ce aka fito da manufar ilimi ta ƙasa da ta haifi tsarin 6-3-3-4, wanda aka soma aiki da shi a 1982. A takarda dai tsarin ya yi kyau ƙwarai. Yaro zai yi shekara 3 a ƙaramar sakandare yana taɓa aikin katako, ƙarfe da lantarki, daga nan mai son karatu ya ci gaba, mai son sana'a ya kama hanyarsa.

To, a nan gizo ya yi saƙa. Gwamnati ta sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai ta rarraba, amma makarantu da yawa ba su da wutar lantarki, ba su da ɗakin aiki, ba su da malamin da ya san kan injin. Waɗanda suka yi sakandare a wancan zamani za su tuna akwatunan da suka shekara a sito ba a ko ɓalle ƙusarsu ba. Aka koma koyar da zarto da alli a kan allo. Alhali a bayan katangar makarantar akwai kafinta da maƙeri da bakanike, kowa da yaransa, babu wanda ya ce musu ku shigo.

Gana ta bi irin wannan hanya a 1987, zamanin Rawlings, ta kuma yi tuntuɓe da irin wannan dutse na rashin kayan aiki da malamai. A Nijar, dokar tsarin ilimi ta 1998, wadda aka fi sani da LOSEN, ta sanya koyon sana'a cikin ginshiƙan ilimin ƙasa. Daga baya aka sami cibiyoyin CFM a kananan hukumomi, da asusun FAFPA mai tallafa wa horo. Mutanen Maraɗi kuwa sun san makarantar fasaha ta Ɗan Ƙasawa tun kafin haka.

A ganinmu, matakin da ya fi kusa da gaskiya shi ne wanda hukumar NDE ta Nijeriya ta ɗauka a 1987, lokacin da ta juya akalar: maimakon a kawo injin makaranta, sai a kai matashi wurin mai sana'a a kuma ba mai sana'ar ɗan hasafi. An yi ta kukan jinkirin biya, amma aƙalla hukuma ta yarda cewa ubangida malami ne. Tsarin NSQ da NBTE ke gudanarwa yanzu, wanda ke jarraba wanda ya koyi aiki a gareji ko shago ya ba shi takardar shaida, ɗan wannan tunani ne.

Inda abin ya shafe mu shi ne nan. Bakaniken da ke gyara mana tirela a Jibiya ko Dan Isa, da telan da ke ɗinka kayan da muke kaiwa Agadas, yawancinsu ba su da takardar komai. In ma sun samu, takardar Katsina ba lalle ta yi aiki a Maraɗi ba, ga bambancin Turanci da Faransanci, ga kuma ficewar Nijar daga ECOWAS a 2025. Fatauci kansa kuwa, a aji bai wuce darasin lissafin ciniki ba. Yaron da ya shekara 7 a shagonmu, ya san kwastan, ya san canjin sefa da naira, ya san farashin wake a Dawanau, har yau ba shi da shaidar da zai nuna wa banki sai bakin ubangidansa.