Zaizayewar Ƙashi A Maza: Matsayin Sinadaran Jiki Da Bitamin Wajen Magani

Zaizayewar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis, cuta ce da ke rage ƙwarin ƙashi a hankali ba tare da ciwo ba, har ƙaramar faɗuwa ta karya ƙugu ko wuyan hannu. An fi danganta ta da mata, amma ƙididdigar duniya ta nuna cewa namiji ɗaya cikin biyar da suka haura shekara 50 zai samu irin wannan karaya. Maza kuma sun fi mata mutuwa bayan karayar ƙugu.

A ƙauyukan Tsanyawa, dattijon da ya karye wajen mai ɗori ake fara kai shi. Ɗorin na iya kamawa, sai dai ba ya taɓa musabbabin karayar. Wanda ya karye daga faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba, ya dace ya ga likita, kamar a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, a binciki ƙwarin ƙashinsa.

Daga cikin musabbabanta akwai tsufa, shan taba, ƙarancin sinadarin maza na testosteron, da daɗewa ana shan dexamethasone ko prednisolone, waɗanda wasu ke saya a kemis ba da izinin likita ba. Testosteron na ƙara ƙwarin ƙashi, amma ana bayar da shi ne ga wanda gwajin jini ya tabbatar yana da ƙarancinsa, kuma ba a ba mai cutar dajin mafitsara ta furostet. Ɗaya daga cikin magungunan da ke gina sabon ƙashi shi ne allurar teriparatide, wadda Amurka ta amince da ita a 2002. Kullum ake yin ta, galibi tsawon shekara 2, kuma tana da tsada. Alendronate, ƙwaya ɗaya a mako, ita aka fi farawa da ita.

Bitamin D da kalsiyam tallafi ne kawai, ba sa warkarwa su kaɗai. Manomin da ke yini a rana yana samun bitamin D ta fatarsa, saɓanin ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke yini a inuwa. Kalsiyam ne ya fi ƙaranci a cimar gero da dawa: binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna cewa yara masu lanƙwasar ƙafa sun fi samun sauƙi da kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai. Dattijo na buƙatar miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana, kuma ana samunsa a nono, kindirmo, zogale da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu.