Raunin Ƙwaƙwalwa da Komawa Neman Abinci a Yankin Ɗansoshiya

Raunin ƙwaƙwalwa lahani ne da ke biyo bayan buguwar kai, ko a hatsarin mota da babur, ko faɗowa daga bisa, ko duka. A ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, babur ne abin hawan yau da kullum. Ga kuma titin Kano zuwa Zariya da ya bi ta Kwanar Ɗangora, ga wanda ya ratsa dajin Falgore zuwa Jos. Wanda ya samu mummunar buguwa akan garzaya da shi birni, galibi Asibitin Malam Aminu Kano, inda ake da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa.

Likitoci na auna tsananin raunin da ma'aunin Gilasgo, wanda aka fito da shi a 1974. Maki 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa kuwa mai tsanani.

Sai dai sallama daga asibiti ba ta nufin an warke. Mutum kan dawo gida jikinsa garau, amma yana fama da mantuwa, saurin gajiya, ciwon kai, saurin fushi ko sarƙewar magana. Wasu kuma farfaɗiya kan biyo baya. Da yake ciwon ba ya ganuwa, sai a ce masa rago, ko a jingina abin ga iskokai, har magani ya yi jinkiri.

Masana gyaran lafiya sun fi son a koma aiki sannu a hankali. A fara da awanni kaɗan, aiki ɗaya a lokaci guda, tare da hutu a tsakani. Mai mantuwa ya riƙa rubuta ciniki ko ya ajiye tunatarwa a waya. Mai farfaɗiya ya nisanci acaɓa da hawa sama da kamun kifi a madatsar Tiga har sai likita ya amince. Irin wannan mutum na iya komawa kiwon awaki ko kaji, ko tsaron shago, ko awon masara a kasuwa tare da ɗan'uwa. Ana samun sauƙi mafi yawa a watannin farko, amma jiki kan ci gaba da murmurewa tsawon shekaru.

Ta fuskar doka, a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta haɗa da lahanin tunani da na fahimta mai daɗewa. Ta nemi ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna wariya. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su.

Saboda haka matashin da raunin ya bar masa lahani na dindindin yana da haƙƙi a doka. Akwai abin da ya kamata masu zaɓe a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu su tambayi kansiloli da ciyamomi da 'yan majalisa: mutum nawa irin waɗannan aka ɗauka aiki, nawa aka sa cikin shirin koyar da sana'a, kuma wane asibiti mafi kusa ne ke da mai gashin ƙashi?