Asalin Zagayen Unguwa da Ƙafa a Toronto

Jane's Walk zagayen unguwanni ne da ƙafa da ake yi kyauta duk shekara a ƙarshen makon farko na watan Mayu, mazauna unguwa kuma su ne 'yan ja-gora. An fara shi a birnin Toronto na Kanada a 2007, amma tushensa yana New York, kusan shekara hamsin kafin nan.

A wancan zamani masu tsara birane a Amurka ba su ga amfanin tsofaffin unguwanni ba. Rushe su ake yi a kafa dogayen benaye, a shimfiɗa manyan hanyoyin mota. Jane Jacobs, wadda aka haifa a garin Scranton a 1916, marubuciya ce a wata mujallar gine-gine, ba ta kuwa da digirin tsara birane. Lura ita ce jarinta. Daga gidanta na titin Hudson a unguwar Greenwich Village ta riƙa kallon yadda yini ke tafiya: masu kantuna na buɗewa da safe, yara na wucewa makaranta, maƙwabci zai yi tafiya ya bar makullinsa wurin mai shago saboda baƙon da ke tafe. A littafinta na 1961 kan mutuwa da rayuwar manyan biranen Amurka, ta kafa hujja cewa irin wannan cuɗanya ce ke tsare titi, kuma mai duban taswira daga ofis ba zai taɓa ganinta ba.

Ba a takarda ta tsaya ba. Ta shiga gaba wajen yaƙar babbar hanyar da Robert Moses, babban jami'in gine-ginen New York, ya daɗe yana son ratsawa da ita ta kudancin Manhattan, har aka kama ta a wani zaman jin ra'ayin jama'a a 1968. A wannan shekarar iyalinta suka koma Toronto, don gudun kada a kwashi 'ya'yanta maza zuwa yaƙin Biyetnam. Can ma ta tarar da irin wannan rigima kan hanyar Spadina, wadda gwamnatin lardin Ontario ta soke a 1971.

Ta rasu a Afrilun 2006 tana da shekara 89. Abokanta suka ga babu abin tunawa da ya dace da ita kamar a fita a taka unguwa. Aka zaɓi farkon Mayu saboda ranar 4 ga watan aka haife ta, aka yi zagaye 27 a karon farko.

Tsarin ba shi da wuya. Duk mai so ya zaɓi hanya, ya sanar da wurin haɗuwa da lokaci. Ana tafe ana tsayawa, a gaban tsohuwar masana'anta, ko bakin kasuwa, ko filin da a da gidaje ne. Ja-gora ya buɗe zance, sauran su karɓa. Sau da yawa dattijuwar da ta shekara arba'in a layin ta fi shi sanin wanda ya zauna a wane gida da abin da ya tashe shi. Nan ne zagayen ya sha bamban da yawon buɗe ido na kuɗi, inda mutum ɗaya ke bayani saura na saurare. Ta haka tarihin baƙi 'yan ƙaura, leburori da 'yan haya, wanda ba kasafai ake samunsa a allunan tarihi na hukuma ba, yake fitowa fili.

Amma tsarin yana da rauninsa. Abin da aka ji daga baki kan zo da ƙari ko mantuwa, musamman wajen shekaru, don haka mai bincike sai ya gwada shi da takardun ajiya kafin ya dogara da shi.

Cikin 'yan shekaru al'adar ta bazu zuwa ɗaruruwan birane a nahiyoyi daban-daban. A New York, ƙungiyar Municipal Art Society ce ke shirya zagayen tun 2011.