Askar Wanzami da Fuskar Ɗan Adam

Kowane mai fasaha yana da abin da yake zuba hikimarsa a kai, magini da laka, baduku da fata, marubuci da allo. Amma wanzami a ƙasar Hausa, tun kaka da kakanni, allonsa fuskar ɗan Adam ce, alƙalaminsa aska, tawadarsa kuwa baƙin tukunya. Almajiri in ya yi kuskure sai ya wanke allo ya sake, alhali kuwa wanzami, da zarar ya kwance zabira ya ɗora aska bisa kuncin jariri ranar suna, abin da ya zana ya zanu ke nan har kabari.

Abin da ya fi ba ni al'ajabi cikin wannan sana'a shi ne, wanzami ba fuskar da ke gabansa kaɗai yake yi wa aiki ba, har da wadda za ta zo bayan shekara arba'in. Domin kuncin ɗan kwana bakwai, wanda bai kai tafin hannu ba, zai buɗe ya miƙe, tsagar kuma ta miƙe tare da shi, saboda haka tilas gwani ya ƙaddara zurfinta da tazararta tun a ranar, yaro na kuka, unguwarzoma na riƙe da shi, ba damar maimaitawa. Tsagar Gobirawa, shida a kunci guda bakwai a ɗayan, waɗanda ke tasowa daga gefen baki su nufi wajen kunne, in ta fito daga hannun da ya ƙware, sai ka ga ta bi ƙirar fuskar kamar da ita aka halicce ta.

Asalin manufar tsaga dai nasaba ce. A zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi, yaron da aka raba da garinsu, ko da ya manta harshen uwarsa, fuskarsa ba ta manta ba, da ganinta za a ce wannan Bagobiri ne, wancan Bakabe, wancan Babarbare. Akwai kuma ta ado, irin su bille da kalangu da 'yar baka, da ta magani. Manjo Tremearne ya zana siffofin tsaga da dama cikin littafinsa na 1913 a kan al'adun Hausawa.

Malamai kuwa ba su yi na'am da ita ba, domin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ambaci hani ga zanen jiki, fuƙaha'u kuma suna lissafa shi cikin jirkita halittar Allah. Da ilimi ya yaɗu, likitoci kuma suka yi gargaɗi a kan cutar da aska guda ke ɗauka daga jini zuwa jini, sai al'adar ta ja baya, har dokar kare haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ta haramta yi wa yaro tsaga. A ganina hanin daidai ne, gama jariri ba a shawarce shi ba.

Sai dai aikin maƙeri yana daɗewa bayan mai shi, na wanzami kuwa ana binne shi tare da wanda ke ɗauke da shi. Ya kai mai karatu, in akwai dattijo mai tsaga a gidanku, ka zauna gabansa da ladabi, ka tambaye shi sunanta da wanzamin da ya yi ta, ka rubuta.