Daga Akushi Zuwa Kula: Soyayyar da Ba a Faɗa da Baki

A wannan makon madafa za mu leƙa.

Mu da muka tashi da littattafan soyayya mun saba da jarumin da zai cika shafi uku yana bayyana abin da ke ransa. Kakanninmu ba haka suka yi ba. Al'ummar da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari saboda alkunya, mace kuma ba ta ambatar sunan mijinta, dole ta nemo wa ƙauna wata hanyar fita. Hanyar da ta samu ita ce tukunya. Uwar da ba za ta kalli ɗan farinta a gaban mutane ba, ita ce za ta rufe masa ɗumame ta tura ƙaninsa ya kai masa.

Wanda ke son ganin wannan a rubuce ya nemi labarin Baba ta Karo, tsohuwar da ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta a garin Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954. Baba ta ga zamanin harin bayi, ta ga zuwan Turawa, amma yawancin abin da ta riƙe a kanta ba na sarakuna ba ne. Aure ne, da suna, da ƙawance, da abin da wance ta kai wa wance. Ba ta taɓa haihuwa ba, ta yi riƙon 'ya'yan dangi. Mu tambayi kanmu: me ya mayar da ita uwa a wurinsu in ban da ɗawainiyar yau da gobe, wadda ciyarwa ce kan gaba a cikinta?

Kusan kowace gaɓa ta rayuwa tana da girkinta. Mai jego a dama mata kunun kanwa, a yi mata ƙauri. Amarya a bi ta da gara: alkaki, nakiya, dubulan, kayan da suke cin kwanaki ana aikinsu. Ranar sallah yara su yi ta zirga-zirga da kwanuka tsakanin gidaje, kuma kowa ya san gidan da aka tsallake an faɗa masa magana.

Sai dai kada mu yi wa abin kwalliyar da ta wuce gaskiya. A gidan mai mata fiye da ɗaya, girki da kwana tafiyarsu ɗaya, shi ya sa har yau idan an ce “ranar girkinta ce” ba tuwo kaɗai ake nufi ba. Nan tukunya ta zama fagen gasa. Maigida ya ture kwano bai taɓa ba, ya yi hukuncin da ya fi zagi ciwo, kuma kishiya tana kallo. Matar da ta wuni tana surfe, da daka, da hura wuta da ɗanyen icce, ba kullum so ne ya tsayar da ita a gindin murhu ba. Wani lokacin tsoro ne, wani lokacin rashin wurin zuwa. Balaraba Ramat Yakubu ta gane wannan: a Alhaki Kwikwiyo Ne na 1990, girkin da Rabi take yi a gidan miji ba a gode mata, shi ta koma tana sayarwa ta riƙe 'ya'yanta bayan an kore ta.

Abin da ke cikin tukunyar ma yana da tarihi. Gero da dawa namu ne tun fil azal. Masara, barkono da tumatir kuwa daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso Afirka ba sai bayan 1492. Dunƙulen Maggi a Turai aka fara yin sa a 1908, ya zo daga baya ya raba wa daddawa gida. Mazubin ma ya sauya: akushi da ƙwarya, sai tasa, sai langa da samira da suka cika jeren amare, yau kuma kula. (Mun taɓa karanta labarin da aka ce a zamanin Sarauniya Amina ya faru, jarumar tana jajjagen attaruhu da tumatir cikin kwanon silba. Ba za mu kama suna ba.)

Abin da ke damunmu da rubutunmu na yanzu shi ne jerin sunaye. Amarya ta shiga kicin, marubuciya ta lissafo kala bakwai, rabinsu da sunan Turanci, ango ya yi santi, a wuce. Babu wanda ya gaya mana wa aka zuba wa tsoka, wa aka bar wa romo, wa ya ci ƙanzo, wa ya ce ya ƙoshi alhali bai ci ba. A gidan da muka tashi, kakarmu takan ɗaure ƙuli-ƙuli a bakin zane ta ajiye wa jika guda cikin mu goma sha ɗaya. Shekara ashirin ke nan, sauran goman ba su daina zancen ba.