Daga Kano zuwa Jidda: Nisan da Ya Koma Aljihu

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Jidda akwai tazarar kilomita wajen 3,400, kuma jirgin alhazai kan cinye ta cikin awa biyar ko ƙasa da haka. Maniyyacin Makarfi ko Kudan yana iya yin asuba a gidansa, kafin wata asubar yana ƙasa mai tsarki. Kakanninsa kuwa sai sun yafi juna da dangi kafin su ɗauki sanda da gora, su bi ta Barno da Wadai da Darfur, su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, sannan su tsallaka a jirgin ruwa. Tafiyar kan ci shekaru, domin mafi yawansu ba su da guzurin da zai kai su. Inda kuɗi ya ƙare, nan ake yada zango. A yi ƙodago, ko ɗinki, ko koyar da allo, a tara na gaba. Bayan an buɗe gonakin audugar Jazira a Sudan a 1925, dubban Hausawa sun tsinci auduga a can don neman kuɗin tsallakawa. A wannan shekarar ce kuma jirgin sama ya fara sauka a Kano.

Abin da nake son a lura da shi shi ne, tsohuwar hanya, duk da azabarta, a buɗe take ga talaka. Ƙarfinsa da sana'ar hannunsa su ne kuɗin kujerarsa, yana biya yana tafiya. Jirgi ya sauya wannan lissafi: yau sai an ajiye miliyoyin nairori gaba ɗaya kafin a ɗaga ƙafa. Manomin rake a Makarfi ko mai tumatir a Ikara da a da zai iya kama hanya bayan kaka, yanzu sai ya sayar da amfanin shekaru, wani ma har da gonar.

Za a ce ai waccan hanya ta ci mutane. Gaskiya ne. Ƙishirwa da cuta da 'yan fashi sun kashe da yawa, wasu kuma suka zauna a Sudan har abada, jikokinsu na nan a garuruwa irin su Mai Wurno. Babu mai hankalin da zai nemi a koma ga wannan, ko da yake jirgin ma ya bar mana makoki: mutum 176 suka rasu a Kano a Janairun 1973 lokacin da jirgin alhazai daga Jidda ya faɗi wajen sauka. Amma sauƙin tafiya bai amsa tambayar wa ke iya zuwa ba. Aikin Hajji wajibi ne a kan mai iko kawai, haka ne, sai dai mizanin ikon ya koma tsabar kuɗi zalla.

Saboda haka tsarin adashin gata na Hukumar Alhazai ya cancanci a ɗauke shi da muhimmanci, domin shi ne ya fi kusa da tsohon tsarin biya sannu a hankali. Ya kamata jami'an alhazai na Ikara da Makarfi da Kudan su kai shi kasuwannin ƙauye lokacin kaka, sa'ad da kuɗi ke hannun manomi.