Tafiya a bazara: yadda matafiyi zai kare kansa daga zafi

Daga Maris zuwa Mayu zafi ne ke mulki a ƙasar Magarya da Dungas, har ya kan zarta digiri 40 da tsakar rana. Amma hanya ba ta mutuwa: ga masu zuwa Damagaram, ga ƴan kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, ga ƴan uwa masu dawowa daga Kano ta Tinkim. Ga abin da ya kamata kowannenku ya riƙe.

Lokacin tashi

Sammako ya fi komai. Ku kama hanya bayan sallar asuba ko bayan la'asar. Daga sha biyu zuwa huɗu, wanda ke kan kabu-kabu, amalanke ko saman kaya a bayan mota ya nemi inuwa. Gawo, wanda ya cika gonakinmu, da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore shar, don haka inuwarsa tana nan a lokacin da aka fi buƙata.

Ruwa

Kada ku jira ƙishirwa, ku riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. In fitsari ya ragu ko ya yi ja, jiki na neman ruwa ke nan. Ku naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhu ku rataye ta inda iska ke bugawa: yayin da buhun ke bushewa yana ɗauke zafin, kamar dai yadda randa da salka ke sanyaya ruwa. Fura da nono, farau-farau, zoɓo da kankana duk suna taimakawa. A yi hattara da ƙanƙara da ruwan ledar da ba a san inda aka ɗura ba, don zawo a hanya ƙara ƙarar da ruwan jiki yake.

Wanda ya yi gumi sosai ko zawo ya kama shi, a dama masa SRO a lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Sutura

Farar riga mai faɗi ta auduga, malafa ko rawani. Ku jiƙa ƙyalle ku ɗora a wuya. Kada a bar yaro cikin mota a rufe, ko na minti kaɗan.

Alamun haɗari

Jiri, ciwon kai, amai da kasala alama ce zafi ya fara cin jiki: a kwantar da mutum a inuwa, a sassauta masa tufa, a ba shi ruwa. In ya rikice, yana sambatu ko ya suma, a zuba masa ruwa a jiki, a yi ta fifita, a garzaya da shi CSI mafi kusa ko asibitin Magarya. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki. Zazzaɓi da ƙagewar wuya kuwa na iya zama sanƙarau, wanda ya addabi yankin Dungas a ƙarshen 2022, shi ma ba a kwana da shi a gida.

Tsofaffi, jarirai, masu juna biyu da masu ciwon suga ko hawan jini su zafi ya fi kayarwa. Ƴan uwa na waje masu aiko kuɗin mota, ku ja kunnen iyayenku su bi motar safe. Allah ya kai kowa lafiya.